Yadda ake yin gishiri daga ruwan teku ba tare da ya yi ɗaci ba

Duk shekara da zarar ruwan sama ya ɗauke a gabar tekun Ghana, sai ka ga sababbin shiga sun shimfiɗa leda a bayan gida, sun jido ruwan teku sun zuba, sun koma inuwa suna jiran rana ta ba su gishiri. Rana kuwa ba ta hana su. Bayan mako uku su kankare wani farin abu su cika buhu. Kwana bakwai ba su cika ba buhun ya jiƙe, wurin da aka ajiye shi ya yi danshi, a zuba a miya a ji wani ɗaci yana maƙalewa a maƙogwaro. Daga nan mutum ya ce ai ruwan wurin ne ba shi da kyau, ya naɗe ledarsa ya haƙura. Na ga irin wannan ya fi a ƙirga, ni ma kuma ta nan na biyo. Ruwan bai yi laifin komai ba. Barin sa aka yi ya ƙafe ƙarƙaf.

Ruwan teku ba ruwa da gishiri kaɗai ba ne. A kowace lita akwai narkakkun abubuwa kimanin gram 35, amma gishirin miya a cikinsu gram 27 ne ko kusa da haka. Sauran gram 8 ɗin su ne ke ɓata wa mutane aiki. Cikin ikon Allah abubuwan nan ba sa fitowa tare, kowanne da lokacinsa. Na farko wani farin gari ne mai kama da alli, sai jibsam, wato dutsen nan da ake ƙonawa a yi fulastar siling da ta ɗaurin karaya a asibiti. Bayansu gishiri ya fito. Daga ƙarshe kuma sai dangin maganiziyam, su ne masu ɗaci. Tun a 1849 wani masanin sinadarai mai suna Usiglio ya riƙa ƙafar da ruwan Bahar Rum sannu a hankali yana rubuta abin da ke kwanciya a kowane mataki, kuma lissafinsa har yau da shi ake aiki a manyan filayen gishiri. Aikinka shi ne ka bar na farko a baya, ka zubar da na ƙarshe, ka kwashi na tsakiya.

Zan yi bayanin ne da jarka 10 masu cin lita 25, irin rawayar nan ta man gyaɗa da a Ghana ake kira galan ɗin Kufuor. Lita 250 ke nan, kuma in an yi daidai za a samu gishiri wajen kilo 5. Kada ka fara da abin da ya wuce haka. In ka iya jarka 10, jarka 100 ƙarin fili ne kawai da injin ban ruwa.

Ruwan da za ka ɗebo

Lokacin aiki a gabar Accra zuwa Ada da Keta daga Disamba ne zuwa Maris. Wannan yanki ba ya samun ruwan sama da yawa in aka kwatanta da sauran gabar Afirka ta Yamma, shi ya sa tafkunan Songor da Keta suka yi suna da gishiri tun zamanin da. A wancan zamani gishirin Ada ne ake lodawa a kwale-kwale a haura kogin Volta da shi zuwa Kete-Krachi da Yeji, ya kai kasuwar Salaga inda fataken Hausawa ke zuwa sarin goro. Wanda ya taso a Kano ko Damagaram ya fi sanin kantun Bilma da manda da gishirin Foga, amma kakanninmu da suka bi hanyar Gwanja sun san na teku sarai.

Ɗebi ruwa lokacin da teku ke cikowa, ba lokacin da yake janyewa ba, kuma ka shiga har ruwa ya kai maka gwiwa ko cinya, ka wuce inda igiyar ruwa ke dama yashi. Nisanci bakin kogi. Kusa da Ada Foah, inda Volta ke faɗawa teku, ruwan ya sirku, sai ka yi dakon jarka 10 ka tashi da gishirin jarka 6. Nisanci tashar jiragen ruwa saboda mai, da duk inda kwatar gari ke zuba. Ruwan da ke kewayen tafkin Korle a Accra ko kyauta aka kai maka har gida kada ka karɓa. Gishiri yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya cire baƙin mai, ba ya cire gubar ƙarfe, sai ma ya tattara maka su wuri guda. In an yi ruwan sama, jira kwana uku.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ta fita daga lissafi, ko an wanke ta sau nawa.

Ka bar ruwan ya kwana a cikin jarkokin yashi ya kwanta, da safe ka tsiyaye ta cikin farin ƙyalle ninki huɗu, ka bar ɗan na ƙasan ka zubar.

Komi uku, ba ɗaya ba

Kuskuren farko tun daga shimfiɗa yake farawa. Mai leda ɗaya ba shi da inda zai raba abubuwan nan uku, dole su haɗu masa a wuri guda. Komi uku za ka yi, kamar na lambu, da kunya mai tsayin taƙi guda a kewaye. Na farko mita 2 a tsaye mita 2 a kwance. Na biyu da na uku mita ɗaya-ɗaya. Ka daɓe ƙasan sosai, ka tsince tsakuwa da saiwa, ka baza yashi mai laushi, sannan ka tabbata ya daidaita. Zuba bokiti guda na ruwa a kan ledar ka ga inda ya gangara, ka ɗaga ka gyara. Komi na uku kaɗai nake so ya ɗan karkata zuwa kusurwa ɗaya, da ɗan rami kamar ƙoƙo a kusurwar. Za ka ga amfaninsa nan gaba.

Leda baƙa ce, sabuwa, mai kauri, irin wadda masu kiwon kifi ke shimfiɗawa a kududdufi. Baƙa ta fi shan zafin rana. Na san wasu na amfani da shuɗin tamfol saboda araha, amma zarensa yana sakin ƙananan ɓarɓashi bayan wata guda a rana, ka riƙa tsintar shuɗi-shuɗi a cikin gishirinka. Tsohuwar ledar allon talla da wadda aka rufe taki ko siminti da ita, waɗannan ba a ma maganarsu. Kuɗin ledar shi ne kusan duk jarin wannan aiki, kuma mai kyau takan yi rani uku in ba a taka ta da takalmi ba. Wanda ke da manyan farantai na roba ko tasoshin silba masu faɗi zai iya yin komi na biyu da na uku da su, ya ma fi sauƙin juyewa.

Zuba lita 250 ɗin a komin farko. Zurfinsa zai kai santimita 6, wato kamar gaɓa biyu da rabi ta yatsa. A rana mai kyau da iska, ruwa yakan ragu da rabin santimita a wuni. Iska ta fi rana aiki a nan, saboda haka kada ka kafa komi a lungun da katanga ta tare ko'ina. Sai dai kaji da awaki da yara, waɗannan shingen raga ne maganinsu.

Awo

Ba na yarda da ido a wannan sana'a. Tsofaffin da suka shekara 40 a tafki suna tsoma yatsa su ɗanɗana su faɗa maka ko ruwa ya kai, amma kai ba ka yi shekara 40 ba. Nemi kwalba mai siririn wuya da sikelin kicin mai nuna gram. Ɗora kwalbar babu komai ka mayar da sikelin sifiri, zuba ruwan famfo har ya nuna 1,000, ka yi wa wuyan kwalbar alama daidai inda ruwan ya tsaya. Shi ke nan ka samu ma'auni. Duk ruwan da ka cika zuwa wannan alama, nauyinsa zai gaya maka kaurinsa.

Ruwan teku sabon ɗiba zai nuna kimanin 1,025. In ya nuna 1,015, ruwan kogi ka ɗebo, canja wuri. Lambobin da za ka rubuta a jikin bango uku ne: 1,130 na juyewa zuwa komi na biyu, 1,210 na juyewa zuwa na uku, da 1,250 na tsayawa.

Akwai hanya mafi sauƙi ga wanda bai son zube-zube. Ma'aunin nan mai roba a kai da masu cajin batirin mota ke zuƙo ruwan batir da shi yana karanta daga 1.100 zuwa 1.300, wato 1,100 zuwa 1,300 a awon kwalba, daidai inda kake buƙata. Sayi sabo dal, wanda bai taɓa shiga batir ba, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Manyan masu gishiri suna da nasu ma'aunin mai digirin Bome, a can lambobin nan su ne kusan 16 da 25 da 29. Ka riƙa awo da safe kafin ruwan ya ɗau zafi, don ruwa mai zafi yakan nuna ƙasa da gaskiyarsa.

Wasu za su ce maka a jefa ƙwai, in ya taso ruwa ya kai. Ƙwai yana tasowa tun ruwan bai kai ko rabin hanya ba. Manta da shi.

Daga na farko zuwa na biyu

Bayan kamar kwana 10, jarka 10 za su koma 2, awo ya nuna 1,130 ko kusa. Kwashe ruwan da kofi a hankali, ka tace ta ƙyalle ka zuba a komi na biyu. Ka bar dauɗar da ta kwanta a ƙasa, ka share ledar, ka sake cika komin farko da sabon ruwa nan take don aiki ya riƙa bin juna.

A komi na biyu jibsam ke fita. Za ka ga ruwan ya ɗan yi hazo, sannan wani farin abu mai ƙyalli ya manne a leda, wani lokaci kamar ƙananan allurai. Sababbi da yawa a nan suke murna su ce gishiri ya zo. Ɗauki kaɗan ka sa a baki. Ba ya narkewa, ƙasa-ƙasa yake yi a haƙori, kuma in ka ɗauraye shi da ruwa ba shi da ɗanɗanon komai. Shi ne ke sa gishirin wasu ya bar farin laka a gindin tukunya. Ƙyale shi ya gama fita. Mako guda yakan ɗauka kafin lita 50 su koma 25.

In ruwan ya ɗan yi ja-ja ko ruwan hoda a wannan mataki, kada ka tsorata. Wasu ƙananan halittu ne masu son gishiri, irinsu ne suka rina tafkin Retba na kusa da Dakar har ake ce masa jan tafki. Ba sa cutarwa, suna ma taimaka wa ruwan ya sha zafi.

Ranar da awo ya nuna 1,210, ko ka ga ƙananan ƙwayoyi masu kusurwa huɗu sun fara yawo a saman ruwa kamar ƙura, a ranar za ka juye, ba gobe ba. Tace ta ƙyalle ninki huɗu zuwa komi na uku. Kafin ka zuba duka, ware lita 3 a roba mai murfi ka ajiye. Da shi za ka yi wanki.

Komi na uku

Nan ne wurin. Duk abin da na faɗa a baya mutum zai iya yin sakaci da shi kaɗan ya sha. Nan kam babu.

Ranin da na fara, a wani ƙauye yamma da Ada, na yi komai daidai har zuwa nan. Gishiri ya fara kwanciya fari fat, ƙwayoyi masu kusurwa, in rana ta haska sai ido ya kasa kallo. Kwana biyar ruwa na raguwa gishiri na ƙaruwa. A rana ta shida saura ɗan ruwa yana kwance a kan gishirin. Na dube shi na ce ai wannan ma gishiri ne a narke, zubar da shi asara ce, na yi dakonsa daga teku a kaina. Na ƙara masa kwana huɗu har ya kusa bushewa. Na auna na samu sama da kilo 7 a inda aka ce mini 5 zan samu, na yi ta godiya ga Allah. Na kai wa wata dattijuwa mai sayar da tuwo a zango, wadda ta daɗe tana ba ni ƙwarin gwiwa. Bayan kwana uku ta aiko a kira ni. Ta nuna mini buhun a jingine, ruwa na bin siminti daga gindinsa. Ta ce, "Ɗan nan, gishirinka kuka yake yi. Kuma jiya miyata ta kwana, masu ciniki sun ce na sa magani." Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, zan biya miyar." Ta ce ba biya take nema ba, in je in tambayi masu abin.

Na je. Wata mata 'yar Ada da ta tsufa a kan tafkin Songor ta tsoma yatsa a sauran ruwan komina, ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta sa ni na yi haka. Santsi yake kamar mai. Ta ce in lasa. Ɗaci ne mai ƙona harshe, ba irin zafin gishiri ba. Ta yi nuni da hannu cewa wannan waje ake zubarwa.

Ga abin da ke faruwa. Lita 25 ɗin da suka fito daga komi na biyu suna ɗauke da gishirin jarka 10, amma suna ɗauke da maganiziyam na jarka 10 ma. Yayin da gishiri ke kwanciya, shi maganiziyam yana nan a narke, ruwa na raguwa yana ƙara kauri. Gishirin kwana uku na farko shi ne mafi tsabta. Daga nan kowace rana abin da ke kwanciya yana raguwa, ruwan da ke jiƙa shi kuma yana ƙara ɗaci. In aka wuce wani wuri, shi kansa mai ɗacin zai fara daskarewa a kan gishirinka, musamman a daren sanyi, ka wayi gari ka ga dogayen allurai a kan ƙwayoyin. Ɗaya daga cikinsu shi ne gishirin nan da ake sha don wanke ciki, shi ya sa wanda ya ci da yawa yakan yi gudawa.

Kukan buhu kuma ga dalilinsa. Gishirin miya ba ya jan ruwa daga iska sai danshin iskar ya wuce kashi 75 cikin 100. Shi kuwa maganiziyam mai kulorayid tun daga kashi 33 yake fara sha. A bakin teku babu ranar da danshi ke sauka ƙasa da haka in ba tsakiyar hunturu ba. Ko ka shanya shi wata guda, da ka sa a buhu zai sake jiƙewa. Ba a busar da irin wannan gishiri, sai dai a wanke shi.

Saboda haka daga rana ta uku ka riƙa awo kullum da safe. Ruwan zai yi ƙaranci, a nan ramin kusurwa zai yi maka rana, don can yake taruwa ka samu na cika kwalba. Da ya kai 1,250, tsaya. In ba ka da ma'auni a hannu, ƙa'idar ita ce kashi uku: biyu su tafi sama, ɗaya ya rage, wato in ka zuba lita 22, ka tsaya da saura 7 ko 8. Ni a 1,245 nake tsayawa, kuma haka nake koya wa kowa. Zuciyarka za ta ce maka akwai sauran gishiri a ruwan nan. Gaskiya ne, akwai, kusan kashi 30 cikin 100 na abin da ka ɗebo daga teku yana ciki. Barin sa shi ne kuɗin da ake biya a samu sauran 70 ɗin da kyau. Kilo 5 da za a sake nemanka ya fi kilo 7 da za a dawo maka da shi.

Kwashe ruwan ɗacin tukuna, kafin ka taɓa gishirin. Kada ka mayar da shi komin farko da sunan kada a yi asara. Na ga wanda ya yi haka, zagaye na uku duk ruwansa ya zama ɗaci tun kafin ya kai komi na uku. Kada kuma ka zuba shi a gindin shuka, zai ƙone ta.

Abu biyu kuma game da wannan komi. Rufe shi da dare. Ruwa mai kauri haka yakan sha raɓa da danshin dare, ka wayi gari ka tarar abin da rana ta yi jiya ya koma baya. Kwanon rufi na roba ko wata leda a kan sanduna ta isa, a buɗe da hantsi. Rufin nan kuma shi ne mafakarka ranar da hadari ya taso ba zato, don ko a Fabrairu akan yi yayyafi a gabar teku. Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Ruwan minti 20 ya isa ya narkar da aikin mako uku. In ya riga ya same ka, kada ka dama. Ruwan sama ya fi sauƙi, a sama yake kwanciya, sai ka zuƙe shi da siririn tiyo a hankali ka ceci na ƙasa.

Na biyu, ƙurar hunturu. Hunturu yana busar da ruwa da sauri amma yana rina gishiri ja. Ranar da hazo ya yi yawa na fi son in yi asarar wuni in bar komi na uku a rufe.

Tun da an ambaci man kaɗe, shafa shi a hannu da ƙafa kafin ka taɓa ruwan nan. Masu haƙar gishiri a tafkin Retba da shi suke shafe jiki kafin su shiga. Ƙaramin ƙwarzane in ya sha wannan ruwa kwana biyu ya zama gyambo.

Kwasa da wanki

Tattara gishirin da ɗan katako mai santsi ko faranti na roba, ba ƙarfe ba, kada ka huda leda. Zuba a kwando da aka shimfiɗa wa ƙyalle. Ɗauko lita 3 ɗin nan da ka ajiye ka kwarara a kai a hankali, kana juyawa da hannu. Wannan ruwa ya riga ya ƙoshi da gishiri, ba zai narkar da naka ba, ɗacin da ke jikin ƙwayoyin kawai zai kwashe. In ka wanke da ruwan famfo, gishiri mai yawa zai bi ruwa. Rataye kwandon a inuwa kwana biyu ya tsane, sannan ka baza a rana wuni biyu a kan tsabtataccen ƙyalle.

Gwaji: dunƙula a hannu ka saki. In ya warwatse, ya yi. In ya tsaya a dunƙule hannunka kuma ya yi maiƙo, sake wankewa. Zuba cokali guda a faranti ya kwana a ɗaki, da safe in ka ga ruwa a ƙarƙashinsa, da sauran ɗaci.

Masu son dafawa

Kullum sai an tambaye ni ko ba za a iya dafawa a huta da jiran mako uku ba. Za a iya, amma yi lissafi. Ƙafar da jarka guda a kan wuta yana cin gas kusan kilo 3, don a samu gishiri rabin kilo. Da itace ma haka, shi ya sa dazuzzukan bakin ruwa suka sha sara a wuraren da ake dafa gishiri, har a Gini aka riƙa koya wa mata komawa shanya a kan leda. Wuta tana da amfani a wuri ɗaya: in ruwanka ya kai 1,210 damina kuma ta kawo kai. Sai ka ƙarasa a tukunyar silba marar tsatsa ko ta ƙasa. Tukunyar dalma ruwan gishiri yana cin ta, ta ƙarfe kuma ta ba ka jan gishiri. Wuta kaɗan, kada ya tafasa da ƙarfi, kwashe kumfa, riƙa tsamo gishirin da matsami yana taruwa. Dokar kashi uku tana nan, kada ka bari tukunya ta ƙafe.

Aidin da sayarwa

Gishirin teku ba shi da sinadarin aidin da zai ishi jiki, duk da abin da mutane ke zato. Rashinsa ke kawo maƙoƙo, yana kuma taɓa ƙwaƙwalwar jarirai tun suna ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a sa miligiram 20 zuwa 40 a kowane kilo, Ghana kuma ta wajabta sa shi a gishirin ci tun 1996. Abin da ake sawa ɗan mitsitsi ne, gram kaɗan a buhu guda, ba a yin sa da ƙiyasi. In sayarwa za ka yi, je wurin jami'an hukumar abinci da magunguna su nuna maka awo da yadda ake fesawa, su ma ke ba da rajista. In na gida ne, kada ka daina sayen mai aidin gaba ɗaya, musamman in da mai ciki ko yara a gidan. Masu kifin gishiri da majema su ne kasuwar farko ga mai ɗan kaɗan, suna son mai manyan ƙwayoyi. Daka na miya a turmi mai tsabta, ajiye a roba mai murfi, ba a gwangwani ba.

Ruwan ɗacin nan ma ba na banza ba ne. A Japan da shi ake haɗa awara, sunansa nigari a can. Tace shi, zuba a kwalba, ka ba mai awara ta gwada cokali biyu ko uku a cikin kofin ruwa a madadin ruwan tsami, ta riƙa zubawa kaɗan-kaɗan har madarar waken ta tsinke. Awarar takan fito da laushi, babu tsami. Wannan sai in ka tabbata da tsabtar inda ka ɗebo ruwan.

In Maris ya raba, daina cika komin farko. Duk ruwan da ya kai 1,210 bai samu shiga komi na uku ba, zuba shi a durom na roba ka rufe da kyau, ba ya lalacewa. Wanke ledoji da ruwan daɗi, su bushe, ka naɗe su ka ɗaga sama inda ɓera ba zai kai ba. Disamba in ta zagayo, da ruwan durom ɗin nan za ka buɗe komi na uku tun ranar farko, kafin sabon ɗiba ya kai ko'ina.